Kara Ta Yi Kara

A damunar bara, cikin watan Agusta, batirin solar ƙaramin asibitin da nake aiki yakan kai mu wajen ƙarfe biyun dare kafin ya mutu. Idan Allah ya sa masu zazzaɓi sun samu barci, iyayensu mata ma sun kishingiɗa a tabarma, sai in jawo benci bakin ƙofa in kunna waya. Wani yaro mai tura fina-finai a kasuwar Ɗambatta ne ya cika min kati wata Lahadi. Na ce masa na gaji da fassarar Indiya, ya ce akwai wani tsohon shirin Turawa mai dogon zango da ba mai tambayarsa, in ina so ya zuba min kyauta. Sunansa Battlestar Galactica. Na karɓa don kashe dare kawai. Kashi na huɗu na zangon farko ne ya hana ni barci, kuma har yau da nake wannan rubutu bai sake ni ba.

Ga wanda bai san shirin ba, an fara nuna shi a Amurka a Disambar 2003, aka ci gaba daga 2004 zuwa 2009, kuma Ronald D. Moore ne ya sabunta shi daga wani tsoho mai wannan suna na 1978. Labarin wasu mutane ne da suka ƙera wa kansu bayi na ƙarfe. Bayin suka yi tawaye, suka ɓace shekaru, rana ɗaya suka dawo suka ƙone duniyoyi 12 da mutanen ke zaune a kansu. Kimanin mutum dubu 50 ne suka tsira, suna gudu a sararin samaniya cikin ayarin jirage, tsohon jirgin yaƙi ɗaya tal ke gadinsu, wanda da ma ana shirin mayar da shi gidan tarihi. Shugabar ayarin tana da farin allo a ofishinta da take rubuta yawan waɗanda suka rage, ana gogewa ana ragewa.

A cikin matuƙan ƙananan jiragen yaƙin da ke kare wannan ayari akwai wata da ta fi kowa, laƙabinta Starbuck. A shirin 1978 namiji ne, a sabon aka mayar da shi mace, Katee Sackhoff ta fito a matsayinta. Ba yarinyar da za ka yi wa ɗanka sha'awar aure ba ce: tana shan giya, tana caca, tana busa taba, kuma tun farkon shirin ta naushi mataimakin kwamanda aka kulle ta. Amma idan ta shiga jirgi babu kamarta. Sunaye biyu ne suka fara ba ni dariya. Kwamandan, dattijo mai murtukakkiyar fuska, sunansa Adama, sunan kakata ta wajen uwa. Ita kuwa Starbuck sunanta na yanka Kara. Marubutan ba su san Hausa ba, amma da sun sani da ba su zaɓa mata sunan da ya fi wannan dacewa ba, domin kara ce ta halaka ta.

Mu nan arewacin Kano mun san kara fiye da yadda muka san sunayen kakanninmu. Daga Ɗambatta ka nufi Makoɗa, ka ratsa Kunchi ka ɓulla Tsanyawa ko Bichi, da wuya ka ga dajin da ba na kowa ba. Gona na jikin gona, iyakarsu layin gamba ne ko 'yan itatuwan lalle, gida na hango gida ta ƙarƙashin gawo da ɗorawa. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore ya yi nazarin yadda ƙasar da ke kewaye da Kano take ciyar da jama'a masu yawa haka a kan 'yan ƙananan gonaki, ya yi maganar taki da shuka gero da dawa da wake a haɗe. Ni a ganina akwai wani takin da ba a ɗaukowa a mangala, shi ne kara. Maƙwabcinka ya ci maka kunya ɗaya a iyakar gona, ka ji kunya ka yi shiru, saboda 'yarsa ce ke auren ƙanenka. Awakinsa su ɓarnata maka wake, ka kora su gida ba tare da ka kai ƙara wurin mai unguwa ba. Ka bi mutum bashi, ka hango shi a kasuwa, kai ne za ka sauya hanya don kada ya ji nauyi. Inda mutane ba su da wurin da za su matsa su ba juna fili, dole su ba juna fili a zuci. Ba na cikin 'yan bokon da ke raina wannan hali. Da babu shi da kullum alƙali na zaune.

To ga abin da Kara ta yi. Kafin yaƙin, ita malama ce a makarantar koyon tuƙin jirgi. Cikin ɗalibanta akwai Zak, ƙaramin ɗan Kwamanda Adama, kuma sun yi alkawarin aure. Yaron ba shi da hannun tuƙi. Ranar jarrabawa ya kasa, ita ce mai ba da maki, sai ta rubuta ya ci. Ta san irin burin da yake da shi na ya gaji mahaifinsa, ta kasa zama wadda za ta rushe masa shi. Har ya tambaye ta gaskiya, ya ce ba ya son a yi masa alfarma, ko daga mahaifinsa ko daga ita, ta tabbatar masa ya ci da ƙyar. Ba a daɗe ba jirginsa ya faɗi, ya mutu. Wansa Lee ya ɗora wa mahaifinsu laifin, yana ganin sunan tsohon ne ya tura yaron inda bai dace ba, suka shekara biyu ba sa ga maciji. Ita kuma ta koma aiki ƙarƙashin tsohon, ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, bai san komai ba.

Na dakatar da wayar a nan, na daɗe ina sauraren kwaɗi.

Shekara shida ke nan da ɗan gwaggona ya zo asibitinmu aikin gwaji daga wata makarantar koyon aikin lafiya. Irin ɗaliban nan suna zuwa da littafi, kowane aiki da layinsa, malamin asibitin da ya kula da su ya sa hannu cewa ya gani da idonsa sun iya. Yaro ne mai ladabi, ba ya ƙyamar marasa lafiya, yakan riga kowa zuwa. Lissafi ne ba ya shiga kansa. Allurar atesunet da ake yi wa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani da nauyi ake auna ta: wanda bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ga kowane kilo, daga 20 zuwa sama, miligiram 2.4. Kwalba ɗaya miligiram 60 ce. Yaro mai kilo 11 zai sha 33, wato rabin kwalba da ɗan ɗoriya. Sau uku ina ba shi irin wannan lissafi, sau uku yana kawo min amsar da in an bi ta za a yi kuka. Allurar ɗuwawu ma hannunsa yakan sauka ƙasa da inda ya kamata, kusa da babbar jijiyar da ta gangara ƙafa, wadda in allura ta same ta yaro yana iya tashi yana jan ƙafa har abada.

Ana saura kwana biyu ya gama, gwaggo ta zo gidana da magariba da ƙullin daddawa. Ba ta ambaci littafi ba. Ta zauna ta yi min labarin yadda ta goya ni shekarar da mahaifiyata ta yi jinya, da yadda ta sayar da tunkiyarta biyu da buhun gyaɗa ta biya kuɗin makarantar nan. Da za ta tashi ta ce, “Ɗan nan, ƙanenka dai yana hannunka.” Na ce, “Ba komai, Gwaggo.” Washegari na sa hannu a kowane layi. Na gaya wa kaina ai akwai jarrabawar ƙarshe a gaba, su za su kama shi in bai iya ba. Na kuma ce ai aiki ne ke koya wa mutum aiki. Ya samu takardarsa. Bai samu aikin gwamnati ba, sai ya buɗe kemis a wani ƙauye mai nisan kilomita kaɗan daga namu. Doka ba ta yarda mai irin wannan shago ya yi allura ba, amma wa zai gaya wa uwar da ɗanta ke suma da tsakar dare, ga rafi ya kawo ruwa tsakaninta da asibiti? Can kowa likita yake ce masa.

A 1974 aka buga wata lacca ta Anthony Kirk-Greene a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, inda ya jera halaye goma. Gaskiya da amana suna ciki, karamci da kunya ma suna ciki, a jere kamar 'yan ɗaki ɗaya da ba su taɓa saɓani ba. A zahiri sukan yi faɗa, kuma a ƙirjin mutum ɗaya suke yin sa. Daren da gwaggo ta zo, kunya da karamci suna gefe guda, gaskiya da amana suna ɗaya gefen, ko wanne na bi akwai wanda zai ce ban yi halin kirki ba. Tambayar da ta dame ni ita ce ko akwai abin da ke raba karar da ke riƙe da ƙauyukanmu da wadda Kara ta yi, ko kuwa duk abu ɗaya ne, sa'a ce kawai ke bambanta su.

Ina ganin akwai, kuma ba shi da wuyar faɗa. Idan na bar wa maƙwabcina kunya ɗaya ta gona, daga rumbuna damin zai ragu. Idan na yafe bashi, aljihuna ne ya ji. Wannan kyauta ce da kayana. Sa hannun da na yi a littafin nan kuwa ba nawa ba ne. An ba ni alƙalamin ne a madadin mutanen da ba sa wurin, waɗanda ba su san sunana ba, wasunsu ma a lokacin ba a haife su ba. Bashin goyo da gwaggo ke bi na gaskiya ne, amma na ɗauki lafiyar 'ya'yan wasu na biya ta da shi. Abin da ya sa irin wannan kara ke da sauƙin yi shi ne mai roƙo yana gabanka da fuskarsa da daddawarsa, wanda zai biya kuɗin kuwa ba shi da fuska tukuna. Na tabbatar da haka a kaina ranar da 'yata ta kwana da zazzaɓi muna biki a ƙauyen nasa, uwarta ta ce a kai ta wurin kawunta ga shi nan kusa. Na ce a'a, na ɗora su a babur muka yi tafiyar dare cikin laka. Wanzami ba ya son jarfa. Ban taɓa gaya wa matata dalili ba.

Akwai kuma abin da Kara ta yi wa Zak shi kansa, ban da ayarin da zai kare. Ya roƙe ta gaskiya, ta dube shi ta yanke hukuncin cewa ba zai iya ɗaukarta ba. Mukan kira wannan tausayi, amma akwai raini a ƙarƙashinsa. Da ta faɗa masa, da ya yi baƙin cikin wata ɗaya ko shekara, wataƙila ya sake gwadawa, wataƙila ya zama injiniya ko ya bar soja gaba ɗaya, ya tsufa ya ga jikoki. Ta ƙwace masa wannan zaɓi don ta tsere wa kallon da zai yi mata na minti biyar. Ni ma in na yi wa kaina adalci, ba makomar yaron na fi ji ba a daren nan. Fuskar gwaggo nake gudu, da abin da za a ce a gidan suna, cewa wane ya yi boko ya manta da nono. Abin ya ƙara min wuya domin ni da shi taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Tun yana ƙarami tsakaninmu sai tsokana, in ce masa bawana, ya ce in biya shi kuɗin shara. Bakin da ya saba da wasa, ranar da ya so faɗin magana mai nauyi sai a ɗauka wani wasan ne, ko shi kansa ya fake da hakan.

Da a garinmu Zak ya mutu, na san abin da za a ce wa Kara a zaman makoki: kwanansa ne ya ƙare, ko ba jirgi ba da wani abin ne. Gaskiya ne, kuma na yi imani da shi. Sai dai ajali daban, alhaki daban, malamanmu ma ba su taɓa cewa ƙaddara na wanke mai sakaci ba. Abin da ya fi tsaya min shi ne ɗaya gefen maganar. A 1976 wasu masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara a kan yadda sa'a ke shiga cikin hukuncin da muke yi wa mutane: direbobi biyu su yi sakaci iri ɗaya, yaro ya faɗo gaban ɗaya, ɗayan ya isa gida lafiya, sai mu kira na farko mai kisa, na biyu ko tuna shi ba ma yi. Ni ne direba na biyu. Har yau ba a kawo min yaron da aka ce ɗan gwaggona ya illata ba. Amma laifin Kara ya cika ne a ranar da ta rubuta makin, faɗuwar jirgin ta zo ne ta sanar da shi kawai. Bambancina da ita shi ne jirgi yana faɗuwa da ƙara da wuta, a kafa kwamiti. Yaron da aka ba maganin da bai kai ba, zazzaɓin ya dawo bayan mako biyu ya tafi da shi, a binne shi kafin azahar, wa zai bi sawu har zuwa wani littafi na shekara shida da suka wuce?

Wani zai ce ai gado ba sabon abu ba ne a wurinmu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan wanzami wanzami, kuma ba wanda ya taɓa yi musu jarrabawa. Haka ne. Amma tsohon wanzami ba ya miƙa wa ɗansa askar kaciya sai ya shekara da shekaru yana riƙe masa zabira, domin in yaron ya yi ɓarna a ƙauyen nan za a yi ta, sunan gidan ne zai mutu, da shi da abincinsu. Son ɗa da tsoron ɓarna a wuri ɗaya suke, suna tsare juna. Takarda ce ta raba su. Mai sa hannu yana nan, ɓarnar tana can inda ba a san shi ba, hatimin makaranta ya rufe sunansa. Mun ɗauko karar zaman gona, wadda ke da iyaka saboda kowa na ganin kowa, mun shigar da ita cikin tsarin takardu inda ba mai ganin kowa.

Jiragen yaƙi na gaske ba su yi mana nisa ba. Rundunar sojan sama tana da makarantar koyon tuƙi ta 403 a Kano, mai jiragen L-39, wani lokaci muna tsakar gona mukan ji rugugin jirgi ya wuce. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fukafukai a matsayin mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a rundunar, rana ɗaya da Tolulope Arotile, ta farko a jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Arotile ta yi aiki a fagen fama da 'yan bindiga ta dawo lafiya. A ranar 14 ga Yulin 2020, tana da shekara 24, mota ta kaɗe ta a cikin barikin sojan sama na Kaduna. Rundunar ta ce mai motar tsohon ɗan makarantarsu ne da ya hango ta ya yi baya don su gaisa, kuma ba shi da ingantaccen lasisin tuƙi. A sama ana tsananta gwaji saboda kowa ya san sama ba ta da kara. A ƙasa kuwa makullin mota, da sirinji, da alli, abubuwa ne da muke miƙa wa juna don kada a ji ba daɗi.

Da shirin ya tsaya a kan cewa alfarma mugun abu ce, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba, wannan ko a bayan motar haya an rubuta. Abin da ya biyo baya ne ya fi kama ni. Wani haɗari ya faru a cikin babban jirgin ana tsakiyar shagali, matuƙa 13 suka mutu lokaci guda. Aka rasa masu tuƙi, Adama ya umarci Kara ta horar da sababbi daga cikin 'yan gudun hijira. Rana ɗaya ta yi da su ta kore su duka, ta ce ba wanda ya cancanta. Kallon farko sai ka ce ta yi hankali. Amma ayarin na bukatar matuƙa, kuma cikin waɗanda ta kora akwai waɗanda daga baya suka zama ginshiƙan rundunar. Ba su take aunawa ba, fatalwar Zak take kora. Karon farko ta ba da maki don ta kare zuciyarta, karo na biyu ta hana don ta kare zuciyar tata dai. Na gane wannan sarai, domin bayan ɗan gwaggona na zama malamin da ɗalibai ke roƙon kada a turo su wurinsa. Na mayar da wata yarinya makarantarsu ba sa hannu saboda ta makara sau biyu, alhali ta fi shi iya lissafi nesa ba kusa ba. Ba ta da gwaggon da ta goya ni, shi ya sa ta biya bashin wani.

Da Adama ya matsa mata a kan dalilin korar, sai ta faɗa masa gaskiyar da ta ɓoye shekara biyu. Edward James Olmos, wanda ya fito a matsayin tsohon, bai ɗaga murya ba. Ya ce ta mayar da ɗaliban ta koya musu, sannan ta fice masa daga ɗaki. Hukuncin ke nan, ta koma ta yi aikin da ta gudu daga gare shi sau biyu. Daga nan kuma shirin ya juyo da tambayar kan shi tsohon. Ana cikin horo maƙiya suka ɓullo da jirage takwas, Kara ta sallami ɗalibanta ta tare su, jirginta ya faɗa kan wani wata mai ƙura. Sai ga Adama da ɗansa Lee, mutanen da ta cuta fiye da kowa, sun tsayar da ayarin gaba ɗaya suna nemanta, suna ƙona man da ba su da hanyar mayarwa, sun janye jiragen da ke gadin fararen hula, har sai da shugabar ta zo da kanta ta tuna musu da lambar da ke kan allonta. Ni ina kan benci ina addu'ar kada su tafi su bar ta. Daga baya na lura abin da nake goyon baya shi ne abin da na gama la'anta: mutum ya ɗauki amanar dubu 50 ya kashe a kan nasa guda ɗaya. Marubutan sun tausaya masa, ta dawo da kanta cikin jirgin maƙiya da ta ƙwato, ba wanda ya mutu. Wata sa'ar ce dai irin tawa.

Ban ce a cire so daga aikin amana ba. Rundunar da ta san kwamandanta ba zai waiwayi wanda ya faɗi ba, ba za ta yi masa yaƙi da zuciya ɗaya ba, asibitin da ba ya sanin ɗan wane ne a kan gado ma ba wurin da zan so a kwantar da ni ba ne. Amma akwai wani labari da muke ji tun muna makarantar allo wanda sai yanzu na fahimce shi. Abu Zarr, sahabin da aka shaida da gaskiya da gudun duniya, ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi wani muƙami. Aka hana shi, aka gaya masa dalili a fuskarsa, cewa yana da rauni a wannan fanni kuma abin amana ne. An faɗa masa cikin ƙauna, bai bar wurin yana jin an wulaƙanta shi ba, kuma darajarsa ba ta ragu ba. Ashe ana iya hana mutum a kuma riƙe shi. Wannan ce hanyar da ni da Kara muka tsallake, domin ita ce mai tsada. Sa hannu minti ɗaya ne, kora ma minti ɗaya ce. Da na ce wa gwaggo a bar min shi wata uku, kullum bayan la'asar mu zauna da takarda da sikeli, da daga lokacina da mutuncina za a cire kuɗin, kuma da ita ce karar da nake da ikon yi.

Kara ta yi wa mahaifin mamaci bayani saboda mai haƙƙin farko ba ya nan. Nawa yana raye. Bayan an yi girbin gero, wata Laraba da yamma, na hau babur na tafi ƙauyensu da tsohon sikelin jarirai da na saya a Kano ɗaure a baya. Na tarar da shi yana jera kwalaye. Ya taso da murna yana cewa yau bawansa ya kawo gaisuwa, na ce masa yau ba wasa ya kawo ni ba. Muka zauna a benci, na faɗa masa duka, har da daren da na ƙi kawo masa 'yata. Na yi zaton zai yi fushi ko ya ce sai ya gaya wa gwaggo. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

“Yaya, ai na san ban iya lissafin nan ba,” ya ce. “Da na ga ka sa hannu, sai na ɗauka akwai abin da ka gani a wurina wanda ni ban gani ba.”

Ban samu amsa ba. Na kwance sikelin na rataye shi a ƙusar da ke bakin ƙofa. Na yage bayan wani kwali na rubuta masa ƙa'idar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ya fi sayarwa: daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, zuwa ƙasa da 25 biyu, zuwa ƙasa da 35 uku, daga nan huɗu, safe da yamma, kwana uku. A ƙasa na rubuta alamomin da in ya gani ba nasa ba ne, ya nemo babur a kawo min ko ƙarfe nawa ne: suma, jijjiga, amai ba tsayawa, yaron da ya kasa kama nono. Na ce sirinjin nan kuma ya tattara min su. Ya ce mutane za su ce likitansu ya lalace, kuma a allurar yake samun na cefane. Na ce na sani, zan riƙa zuwa duk Laraba. Bai ce ya yarda ba.

Muna nan zaune wata mata ta iso da yaro a goye, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Ta gaishe shi, ta ce, “Likita, tun jiya jikinsa zafi.” Ya miƙe, ya kai hannu wajen kwalin da ya saba ɗaukowa, sai ya tsaya ya waiwayo ya dube ni. Na nuna masa ƙusar da baki. Ya ce mata, “Kwanto shi, Inna, mu fara auna shi.”